Amsa: Mu kaɗai ne 'yan sandanmu suka koma kamar soja?

Malam, ka tambaya ko a Najeriya kaɗai 'yan sanda ke dira gida da tsakar dare da manyan bindigogi, kamar yadda ka gani a unguwarku a Mabera. A'a, ba mu kaɗai ba ne.

A Amurka akwai shirin 1033, wanda ta hanyarsa ma'aikatar tsaro ke miƙa wa 'yan sanda rarar kayan soja, har da motoci masu sulke. A Maris 2020 'yan sanda suka ɓalle ƙofar wata mata mai suna Breonna Taylor a birnin Louisville da tsakar dare, suka harbe ta har lahira, kuma ba a sami ƙwayar da suka je nema a gidan ba. Birazil ta fi muni: samame ɗaya a unguwar Jacarezinho ta birnin Rio, a Mayu 2021, ya ci rayuka 28. A Ingila kuwa yawancin 'yan sanda ko bindiga ba sa riƙewa.

Mu nan, an rushe SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi da makami, ranar 11 ga Oktoba 2020, amma bayan kwana biyu aka sanar da SWAT, sabuwar rundunar da za ta maye gurbinta.

Ni ban ƙi a ba su makamai ba, wallahi. Wanda ya san halin da mutanen Isa da Sabon Birni a Jihar Sakkwato suke ciki ba zai ce a tunkari 'yan bindiga da kulki ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a kawo salon daji cikin gari, a tsallaka katanga, a shiga kan matan aure ba sallama, ba takardar kotu, yara suna kallo.