Hatimi ya tabbata, amma manhaja gurɓatacciya ce: ta yaya?

Tambaya: Malam, na ji cewa kowace manhaja tana ɗauke da sa hannun wanda ya ƙirƙire ta, kuma sai waya ko kwamfuta ta tantance shi kafin ta girka. To in haka ne, ta ina miyagun manhajoji ke shigowa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji galibi gaskiya ne. Mai manhaja yana da mabuɗin sirri da yake buga hatimi da shi a kan ƙunshin, na'urarka kuma tana riƙe da mabuɗin fili da take gwada hatimin. Ko harafi ɗaya aka canza, lissafin ba zai fita ba. Shi lissafin yana da ƙarfi ƙwarai. Matsalar tana wajen mai gadin, domin shirin da ke tantancewar ma mutane ne suka rubuta shi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A 2013 kamfanin Bluebox Security ya fallasa wata ɓaraka a Android. Fayil ɗin APK, wato ƙunshin manhajar Android, kamar jaka ne mai fayiloli da yawa a ciki. Sai aka gano cewa in ka cusa fayil biyu masu suna iri ɗaya, mai tantancewa zai duba ɗaya ya ce lafiya, mai girkawa kuma ya ɗauki ɗayan. Ba wanda ya karya hatimi, an dai nuna wa mai gadi kaya dabam, aka shigar da wani dabam. A 2017 aka sake ganin irinta mai suna Janus, inda ake manna mugun shiri a gaban APK ba tare da hatimin ya lalace ba. Sabon tsarin sa hannun da ya zo da Android 7.0 yana rufe fayil ɗin gaba ɗayansa, shi ya toshe wannan kafa.

Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce ta Java, wani harshen rubuta manhaja, da aka bayyana a Afrilun 2022. Daga siga ta 15 zuwa ta 18, in ka miƙa sa hannu irin na ECDSA, wanda lambobi biyu ne, ka sa su duka sifili, sai a karɓa. Takarda ba hatimi, mai gadi ya buɗe ƙofa, don kawai an manta da layin da ke cewa kada a yarda da sifili.

Tambaya: Ni Debian, wani nau'in Linux, nake amfani da ita a kwamfuta. Ai mu wannan bai shafe mu ba ko?

Amsa: Ya shafa. A Janairun 2019 Max Justicz ya nuna cewa wanda ya tsaya tsakaninka da sabar da ake sauke manhaja daga gare ta zai iya yaudarar apt, shirin da ke girka manhajoji a Debian, ta hanyar karkatar da adireshi, ya girka abin da ya ga dama da cikakken iko. Gyaran ma ta apt ɗin zai zo, shi ya sa Debian ta ce a kashe bin karkatarwa yayin sabuntawar.

Tambaya: To me zan yi?

Amsa: Ka fara da sabunta na'urar kanta, ɗan'uwa, ba manhajoji kaɗai ba, domin a can ake gyara mai gadin. Wayar da ta daina samun sabuntawar tsaro tana nan da tsofaffin kafofinta. In saƙo ya fito cewa sa hannu bai yi daidai ba, kada ka nemi hanyar tsallake shi, ka tsaya nan. Ka kuma sani hatimi yana shaida wanda ya aiko ne kawai, ba ya shaida halinsa. Sigogi 5.6.0 da 5.6.1 na xz, manhajar matse fayil, da aka gano ƙofar ɓoye a cikinsu a Maris 2024 suna da ingantaccen sa hannu, na wanda ya dasa ƙofar.