Amsa ga mai tambaya kan ƙarfen tsawaita ƙafa: wata shida muka yi da shi a gida

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki cewa yaronki ya karye, an yi ɗorin gida, ƙafar ta haɗe a karkace kuma ta gajarce, yanzu likita ya ce sai an sa masa ƙarfe mai zobba, ke kuma tsoro ya hana ki sa hannu. Allah ya ba shi lafiya. Nawa ɗan ma haka ya faru da shi, babur ne ya buge shi yana shekara 12, muka kai shi wajen mai ɗori, ƙwaurin ya warke da ragin santimita 4.

Ki sani tiyatar ita ce ƙaramin aiki a cikin lamarin. Likita zai yanke ƙashin, ya soka wayoyi ta cikinsa, ya ɗaure su jikin zobban da suka kewaye ƙafar. Daga nan sai a bar shi kwana biyar zuwa bakwai, sannan a miƙo miki sifana mai lamba 10. To nan naki aikin ya fara. Kullum ana buɗa ƙashin milimita ɗaya tak, a raba ta gida huɗu, kina juya notin da ke jikin ƙarfen kwatan zagaye kowane karo. Jiki da kansa yake cike gibin da sabon ƙashi. In kika yi gaggawa ƙashin ba zai tsiro ba, in kika yi sakaci ya haɗe tun ba a kai ba, sai an koma tiyata. Ni da lokutan salla na haɗa, asuba, azahar, magariba, sai lokacin kwanciya, kuma na ɗiga jan farce a gefe ɗaya na kowane noti don kada in rikice. Kwana arba'in muka yi muna juyi. Hoton ƙashi na farko da aka nuna min, gibin kamar hayaƙi ne kawai a ciki, har na fara kuka, likitan ya yi dariya ya ce ai hayaƙin nan shi ne ƙashin.

Ba sabon abu ba ne, kada dangi su ce gwaji za a yi da ɗanki. Wani likitan Rasha, Gabril Ilizarov, shi ya ƙirƙiro hanyar a garin Kurgan na Saiberiya tun shekarun 1950, sunansa ma ƙarfen ya ci. Turawan Yamma ba su karɓe ta ba sai da ta shiga Italiya wajen 1981. Yanzu har akwai ƙusa mai maganaɗisu da ake sawa cikin ɓargo, babu komai a waje, amma kuɗinta ba na irinmu ba ne. A nan gida asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano su ne wurin zuwa.

Abin da ya fi ba mu wuya biyu ne. Na farko bakin wayoyin. Kusan kowa sai wani ya yi masa ja ko ya kawo ruwa, balle mu da muka faɗa cikin hunturu da ƙura. Ki riƙa gogewa yadda nas ta koya miki, kowace waya da audugarta, kuma kada ki bari kaka ta shafa man shanu ko wani gari. In kin ga mugunya ko zazzaɓi, asibiti ranar. Na biyu gashin ƙashi, wato atisayen motsa ƙafar da miƙe ta. Ƙashi yana miƙewa, amma nama da jijiya ba sa son binsa, agara takan ɗaure har yatsu su kalli ƙasa. Yaron zai yi ihu, zai ce kin tsane shi. Ki daure. Na ga wani saurayi a layin asibiti da ya samu tsawonsa cif amma diddigensa ba ya taɓa ƙasa, don ya guje wa gashi.

Bayan an gama juyi ƙarfen yana nan har ƙashin ya yi ƙwari, wannan jiran ya fi na juyin tsawo nesa ba kusa ba. Ki shirya kuɗin mota da na hoto duk bayan mako biyu a farko, ki yi magana da makarantarsu, ki kai wa tela wanduna ya tsaga gefe ya sa maɓalli. Maganin ciwo kuma kada ki saya a kemis da ka, akwai waɗanda likita zai hana saboda suna rage saurin haɗuwar ƙashi.

Kafin ki sa hannu ki tambayi likitan ragin santimita nawa ne daidai. In bai kai 2 ba, sau da yawa ƙarin dunduniyar takalmi ya wadatar. Namu ya wuce nan, shi ya sa muka yarda. Yanzu yana aji biyar na sakandare, tabon wayoyin na nan jere a ƙwaurinsa kamar shasshawa, jiya ma sai da na aika ƙaninsa ya kira shi daga filin ƙwallo.