An sallame ni daga aiki, akwai inshorar rashin aiki a Najeriya?

Malam, ka ce kamfaninku ya rage ma'aikata, kana tambaya ko gwamnati na biyan wanda ya rasa aiki kuɗi duk wata kamar yadda ake yi a Jamus. Allah ya musanya maka da mafi alheri. A gaskiya babu irin wannan tsari a nan. Wasu za su tura ka NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, amma diyyarsu ta wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki ce.

Abin da ya fi kusa shi ne asusunka na fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara, idan ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Ka adana takardar sallamarka, don ita kamfanin da ke kula da fanshonka zai fara nema. Tun yanzu ka karɓi bayanin asusunka ka duba. Ni sai da na je cira na tarar tsohon wurin aikina ya yi watanni yana yankar albashina bai zuba ba. Sau ɗaya ake wannan cirar, kuma guzurin tsufanka kake ragewa.

Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato NDE, sana'a take koyarwa, rajista kyauta ce. Wanda ya nemi kuɗin fom ɗan damfara ne.

Idan kamfaninku ya riƙe maka haƙƙin sallama, ka ga lauyan ƙwadago kafin ka sa hannu a kowace takarda.