Inda tsutsar kara take ɓuya da rani

Ɗan'uwa, ka tambaya daga ina tsutsar da ke huda karan gero take fitowa kowace damina, alhali gona ta yi wata bakwai a bushe. Amsar tana cikin karan da ka tara bara.

Tsutsar 'yar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai yawo da dare, wanda masana ke kira Coniesta ignefusalis, daga dangin Crambidae masu rayuwa a kan ciyayi da hatsi. Macen tana saka ƙwai tsakanin kube na ganye da kara, kuma da zarar sun ƙyanƙyashe sai tsutsotsin su kutsa ciki su cinye ɓargon, shi ya sa kake ganin zuciyar ƙaramin gero ta bushe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne haƙurin tsutsar: idan ruwa ya ɗauke, sai ta daina ci ta kwanta cikin busasshen kara har ruwan farko ya sauka, sannan ta rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafin da zai saka ƙwai a sabon gero. Saboda haka dangar kara da rumbu su ne mafakarta. Sare kara bayan girbi a shimfiɗa shi a ƙasa rana ta gasa shi yana kashe da yawa daga cikinsu.