Rasuwa ya yi ko ƙaura? Bin sawun kakan da ya ɓace a takardu

Tambaya: Ina haɗa tarihin danginmu. Sunan ƙanen kakan mahaifina ya fito a ƙidayar Ingila ta 1901, amma babu shi a ta 1911. Wasu a dangi sun ce rasuwa ya yi, wasu sun ce Amurka ya tafi. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, rashin sunansa a ƙidaya bai tabbatar da ko ɗaya ba. Ana tsallake gida, mai kwafe suna kuma yakan ɓata harafi.

Fara da rasuwa, don ta fi sauƙin tabbatarwa. Tun 1837 gwamnati ke rajistar mace-mace a Ingila da Wales, kuma daga 1866 jerin sunayen yana nuna shekarun mamacin. Shafin intanet na FreeBMD zai nuna maka wannan kyauta. In ka ga mai irin sunansa, kada ka yi saurin binne shi. Nemi takardar shaidar mutuwar kanta, ka duba sana'arsa da sunan wanda ya kai rahoto. In matarsa ce ko ɗan'uwansa, magana ta ƙare.

In yana da mata, leƙa abin da aka rubuta a gaban sunanta a 1911. Matar da aka ce tana da aure amma babu miji a gidan, alama ce mai ƙarfi cewa yana raye a wani wuri. Wadda aka ce mijinta ya rasu kuwa, ni ba na gaskata ta nan take, domin matan da aka gudu aka bari sukan faɗi haka don rufin asiri.

Sai jiragen ruwa. Ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya da ke unguwar Kew a Landan tana da jerin fasinjojin da suka fita zuwa ƙasashe masu nisa daga 1890 zuwa 1960, amma takardun isowa Amurka sun fi su bayani. Daga 1907 ana rubuta suna da adireshin dangi mafi kusa da fasinja ya bari a gida, ga kuma wanda zai sauka wurinsa. Wannan layin ne ke raba mutum da takwaransa. Fiye da mutum miliyan 12 sun bi ta tsibirin Ellis, mashigar baƙi da ke New York, tsakanin 1892 da 1954, sai dai wasu ta Boston ko Philadelphia suka shiga, wasu ta iyakar Kanada. Zancen cewa jami'an Ellis suna sauya wa baƙi suna ba shi da tushe, tun a tashar da jirgi ya taso ake rubuta sunayen.

Ƙidayar Amurka ta 1910, 1920 da 1930 ta tambayi shekarar da baƙo ya shigo. Mutane kan yi kuskuren shekara ɗaya ko biyu, don haka ka faɗaɗa binciken jiragen gaba da baya.