Ragunan Layya da abincin buhu: kilo biyun nan gaskiya ne ko dace?

Tambaya daga wani mai kiwon turke a Garwa: Assalamu alaikum. Bana na raba raguna 12 gida biyu. Shida na ba su abin da na saba, dusa da harawar wake da ɗan kanwa. Shidan kuma na ba su abincin buhu mai haɗin angurya da wani dillali ya kawo min. Bayan wata biyu na ɗora su a sikeli. 'Yan buhu sun ƙara kilo 9, 12, 6, 11, 7 da 9. 'Yan dusa kuma 8, 5, 10, 6, 9 da 4. Ɗana ya lissafa ya ce 'yan buhu sun fi da kilo biyu. Abincin buhun yana ci min ƙarin sefa 6,000 a kan kowane rago, ga dillalin yana so in biya na baɗi tun yanzu ya yi min ragi. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron bai yi kuskure ba. Na farko sun tashi 54, a raba shida, 9 ke nan. Na biyu 42, wato 7. Kuma ka burge ni da ka auna su kafin a fara da bayan an gama, don yawancinmu tattaɓa gadon bayan rago kawai muke yi mu ce ya yi.

Amma sake duban lambobin naka. Akwai ɗan dusa da ya ƙara kilo 10, ya wuce huɗu daga cikin 'yan buhu. A cikin 'yan buhun ma, wani 12 wani 6, alhali abinci ɗaya suka ci. Tunda raguna masu cin abu ɗaya suna iya bambanta da kilo shida, to kilo biyun da ke tsakanin gidajen biyu na iya zama aikin abinci, yana kuma iya zama dace ne kawai, wato ragunan da dama can za su yi ƙiba suka taru a gefe guda.

Masana ƙididdiga suna da awo na musamman don raba wannan gardama, ana ce masa gwajin t. Wanda ya kafa tushensa William Gosset ne, ma'aikacin kamfanin giya na Guinness a Dublin, wanda aikinsa ya haɗa da kwatanta irin sha'ir da 'yan samfura kaɗan, kamar dai ragunanka. Ya buga bincikensa a 1908 da sunan aro, Student, don kamfanin ba ya barin ma'aikata su buga da sunansu. Shi ya sa har yau a makarantunmu na Faransanci da wannan suna ake kiran gwajin.

Ga yadda lissafin yake, kalkuletar waya ma ta isa. Kowane rago a duba nisansa da matsakaicin gidansu, a ninka nisan da kansa, a tara. 'Yan buhu sun ba da 26, 'yan dusa 28. A raba kowanne da 5, wato yawan ragunan a cire ɗaya: 5.2 da 5.6. A sake raba kowanne da 6, a haɗa su, a sami 1.8. A danna alamar √, ta ba da 1.34. Wannan ita ce tangal-tangal ɗin da ake sa ran gani tsakanin gidaje biyu irin naka ko da abincin bai yi komai ba. Sai a raba kilo biyun da 1.34, a sami 1.49. Ga raguna shida-shida, sai lambar ta haura 2.23 ake cewa bambancin ya fi ƙarfin dace. Taka ba ta kai ba. A taƙaice, da a ce abincin biyu duk ɗaya ne, da za a riƙa ganin tazara kamar taka ko fiye kusan sau 17 cikin 100. Al'adar masana ita ce sai abin ya sauka ƙasa da 5 cikin 100, ma'aunin da Ronald Fisher ya yaɗa a shekarun 1920 lokacin yana aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila. Ba wahayi ba ne, yarjejeniya ce, amma 17 ta yi nisa da 5.

Kada ka je ka ce wa dillalin na ce abincinsa banza ne, ban faɗa ba. Lissafin nan ya nuna amfanin abincin na iya kaiwa kilo 5, yana kuma iya zama hasarar kilo ɗaya. Raguna 12 sun yi kaɗan su yanke hukunci, shi ke nan.

Abin da ya fi damuna ma ba lissafin ba ne. Yaya ka raba su? In da hannunka ka zaɓa, na san halinmu, abinci mai tsada ragon da ya fi cika ido ake kai wa. In Balami sun fi yawa a gefe guda, ko wasu an ba su maganin tsutsar ciki wasu ba a ba su ba, babu lissafin da zai gyara wannan. Baɗi ka sa wa kowane rago lamba, ka rubuta a 'yan takardu, ka zuba a hula, ƙaramin yaro ya ɗebo. Kowanne da turkensa da kwanonsa, don in kwano ɗaya ne mai ƙarfi zai ture raunana.

Kuɗin baɗi dai kada ka biya tun yanzu. Sayi daidai na gwaji, ka nemi maƙwabta biyu ko uku masu kiwo ku haɗa, domin a gano bambancin kilo biyu cikin wannan warwatsuwa, wato bambancin da ke tsakanin ragunan gida ɗaya, ana bukatar raguna sama da 20 a kowane gefe. Sannan ko kilo biyun sun tabbata, kowane kilo ya tsaya maka a sefa 3,000, kuma ka fi ni sanin cewa a kasuwar jajibirin Sallah ba wanda yake zuwa da sikeli. Tsayi da ƙaho da sheƙin gashi ake taya.

Tambaya daga wata ɗalibar jami'a a Ngaundere: Ina rubuta kundin kammala karatu, zan kwatanta amfanin albasa a gonakin ƙauyuka biyu. An ce sai na sayi SPSS, manhajar ƙididdiga ta kwamfuta. Dole ne?

Amsa: 'Yata, riƙe kuɗinki ki yi na mota zuwa ƙauyukan. Manhajar ƙididdiga ta R kyauta ce, jamovi da PSPP ma haka, kuma su biyun na ƙarshe dannawa kawai ake yi ba rubutun umarni. Excel ɗin da ke kwamfutarki ma tana da T.TEST, dabarar da ke yin gwajin t. Lambar ƙarshe da za ki sa mata ita ce abin lura: 1 na awo biyu ne a kan abu ɗaya, kamar gona guda bara da bana, 2 na gidaje biyu masu zaman kansu da warwatsuwarsu ta yi daidai, 3 kuma na waɗanda warwatsuwarsu ba lallai ta zo ɗaya ba. Na ukun nan shi ne gyaran da Bernard Welch ya kawo a 1947, shi ne kuma R take yi in ba a ce mata komai ba. Shi nake ba ki shawara, tunda da wuya yawan gonakinki ya zo ɗaya a ƙauyukan biyu.

Sai ki kula da abin da kike ƙirgawa. In kin auna kunya goma a gonar mutum ɗaya, ba samfura goma kike da su ba, gona ɗaya ce, mai ita ɗaya, rijiyar ban ruwa ɗaya. Ki fitar da matsakaicin kowace gona, shi za ki shigar. In kuma gonakin kaɗan ne, ga wani babban manomi da amfaninsa ya yi wa sauran fintinkau, ki tambayi malamin da ke duba aikinki ko ki koma gwajin Mann-Whitney, wanda jerin matsayi yake dubawa ba yawan buhuna ba. Yana nan cikin jamovi, a shafin gwajin t ɗin.