Ɗana ya wuce ajin 'yan koyo a wasan zamiyar ƙanƙara, wane darasi zan biya masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 15. Lokacin da babansa ke aiki a Dubai ya koyi wasan zamiya a kan ƙanƙara, wato ski, a Ski Dubai, har malamansa suka ce ya ƙware. Yanzu mun dawo gida, kuma muna so mu kai shi Turai ya hau dutse na gaske. Kowace makaranta na duba a intanet cewa take tana da ajin gwanaye. Ba na son a haɗa shi da ƙananan yara ya ƙosa, ba na kuma son a kai shi inda zai karye. Shi kuwa ba shi da zance sai na barin hanya ya shiga dusar ƙanƙarar da ba a taka ba, kamar yadda yake gani a bidiyo. Ta ina zan fara? — Wata uwa daga Gwarinpa, Abuja

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka.

Na yarda yaron ya iya, amma a wurin da ya saba. Hanya mafi tsawo a Ski Dubai kimanin mita 400 ce, a cikin gini, babu iska, babu hazo, dusar kuma kullum a gyare take. A Alpe d'Huez da ke Faransa akwai hanya guda, Sarenne, mai tsawon kilomita 16. A kan dutse, dusar da ta yi tauri kamar gilashi da safe tana iya jiƙewa ta yi nauyi da azahar, mutane sun tattake ta ta zama tudu-tudu, gajimare ya sauko har mutum ya kasa bambance rami da tudu. Direban da ya goge a titunan Maitama direba ne, amma ranar farko da zai sauko Hawan Kibo cikin ruwan sama gara a ce akwai wanda ya san hanyar a gefensa.

Saboda haka kada ki zaɓi aji da kanki daga jerin da ke shafin makaranta. Ki rubuta musu abin da yaron yake yi filla-filla: shekarunsa, inda ya koya, cewa bai taɓa hawa dutse ba, ko yana juyawa da allunan zamiya biyu da ke ƙafafunsa a jere ba tare da ya haɗa bakinsu ba, ko yana iya tsayawa nan take a cikin gudu. Ki ɗora da ɗan gajeren bidiyonsa. Makarantar kirki za ta yi miki ƙarin tambayoyi, ko ta ce sai sun gwada shi a safiyar farko. Wadda ta karɓi kuɗinki ba tare da ta tambayi komai ba, ki nemi wata.

Su ma hanyoyin launi ke nuna wahalarsu. A Faransa kore ne mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi. A Ostiriya da Suwizalan galibi daga shuɗi ake farawa. Idan suka tambaye ki wane launi yake hawa, ki faɗi gaskiya cewa bai taɓa gwadawa a fili ba.

Ga yadda zan raba makon da ni ne. Safiya biyu na farko a ɗaukar masa malami shi kaɗai. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma a nan ne kuɗin ke yin aiki: malamin zai ga ɗabi'un da gajeriyar hanya ta koya masa, kamar jingina baya idan gangare ya yi tsanani, ya gyara su kafin su kayar da shi, ya kuma faɗa miki matakinsa na gaskiya. Daga nan sai ya shiga rukunin samari sa'o'insa. Yaro ɗan shekara 15 ya fi ƙwazo idan yana ganin tsaransa a gabansa, kuma kwana shida shi da babban mutum su biyu kawai zai gundure shi. Ki tambaya ƙarara ko rukunin na matasa ne zalla, da kuma yara nawa ke hannun malami ɗaya. Idan sun haura takwas, rabin lokacin a jiran juna zai tafi. Ki nemi malami mai jin Turanci tun wajen biyan kuɗi, kada a bar shi sai ranar.

A Faransa babbar makarantar ita ce ESF, masu jajayen kaya, wadda ke nan tun 1945 kuma tana kusan kowane gari na wannan wasa. Tana bin yara mataki-mataki da lambobin tauraro har zuwa tauraron zinariya. Wanda ya wuce nan akwai gwajin tsere biyu, Flèche da Chamois, inda ake bi ta tsakanin sanduna ana auna lokacin yaro da na malamin da ya buɗe hanyar. Ina ba ki shawarar ki nuna masa wannan, don yana ba matashi abin da zai sa a gaba, a kan hanyar da aka killace. Akwai kuma ƙananan makarantu masu zaman kansu da suka fi rage yawan ɗalibai, ki kwatanta.

Sai maganar barin hanya, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarki. Hanyoyin da aka shata ana kula da su, ana rufe su idan da haɗari. Wajensu kuwa dusa na iya zaftarewa ta binne mutum, kuma wanda ya binnu mintoci kaɗan yake da su. A Turai kullum ana fitar da matakin haɗarin daga 1 zuwa 5. Duk mai fita waje sai da na'urar da ke nuna inda mutum ya binnu, da shebur, da doguwar sandar lalube, kuma sai ya iya aiki da su. Kada ki ce masa a'a kawai, Hajiya, domin zai iya bin abokai a ɓoye. Ki ce masa e, amma a ƙarshen mako, idan malaminsa ya ce ya kai, tare da malami mai takardar izinin yin hakan, kuma makarantar ce za ta ba da kayan. In wurin yana kan daskararren kogin ƙanƙara mai ramuka, wannan aikin jagoran tsauni ne mai shaidar IFMGA, wato ƙungiyar jagororin tsauni ta duniya, ba na malamin makaranta ba.

Abu biyu kuma da shafukan makarantun ba za su tuna miki ba, don ba mu suka yi wa rubutun ba. Na farko jini. Idan yaron yana da sikila, ko ma AS ne, ki ga likita kafin ki sayi tikiti. Iskar da ake shaƙa tana raguwa a sama, kuma ko mai AS yana iya samun matsalar saifa a kan tsauni. Val Thorens, alal misali, garin kansa yana kan mita 2,300 ne, kusan ninki biyu na tsayin Jos. Na biyu inshora. Wadda ake yi don bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, dole ta kai Yuro 30,000, amma sau da yawa ba ta haɗa da wasan ƙanƙara, balle barin hanya. A Faransa biya ake yi idan masu ceto suka sauko da mutum daga kan hanya. Italiya kuma tun 2022 ta wajabta wa kowane mai wasan inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani. Hular kwano dai kada ya hau ba tare da ita ba, ko ina ne.

Lokacin wasan a tsaunukan Alps daga Disamba ne zuwa Afrilu. Fabrairu akwai cunkoso saboda hutun makarantun Turai, ga shi a shekarun nan azumi na faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris. Janairu ya fi sarari. In biza ta ba da wahala, ki duba Turkiyya: Erciyes kusa da Kayseri, ko Palandöken a Erzurum. Akwai jirgi daga Abuja zuwa Istanbul, ga abincin halal ba sai an nema ba.

Tambaya: 'Yata tana karatu a waje kuma tana wannan wasa sosai. Ta ce in saya mata nata kayan, tana kuma son ci gaba da atisaye a dogon hutu. Shin saye ya fi ko haya? — Wani uba daga Rayfield, Jos

Amsa: Alhaji, idan har yanzu tana ƙara tsawo, a yi hayar allunan. Shagunan haya suna da na ƙwararru, kuma za ta iya sauya su gwargwadon yanayin dusar. Maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo ana saita shi ne da nauyinta, tsayinta, girman takalmin da matakin iyawarta, don ya saki ƙafa idan ta faɗi. Idan aka ɗaure shi fiye da kima, gwiwa ko ƙauri ne ke ji a jika. A bar wa mai shago ya saita, kuma ta faɗa masa nauyinta na gaskiya.

Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne hular kwano, tabarau, da takalmi idan ƙafarta ta daina girma. Takalmin kada a yi odarsa ta intanet. Ta je da ƙafarta wurin mai auna takalmi, ta sa shi ta ɗan jima a tsaye kafin a biya.

Batun dogon hutu, Afriski a Lesotho yana buɗewa daga Yuni zuwa Agusta, lokacin sanyinsu ke nan, sai dai wurin ƙarami ne kuma wadda ta ƙware za ta gama da shi cikin kwana ɗaya. Idan atisayen tsere take so, sansanonin bazara a kan ƙanƙarar Hintertux ta Ostiriya ko Saas-Fee ta Suwizalan sun fi dacewa da ita. A can da sassafe ake hawa a sauko wajen tsakar rana kafin dusar ta yi laushi, don haka ka tambaye su me yaran ke yi da sauran yinin, wa ke kwana tare da su, kuma ko akwai mace cikin masu kula da 'yan mata.